Baƙon Da Ke Cikin Injin

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai in daina tausaya wa Yahuza, wai ragwancinsa ne ya ja masa, to ku gyara zama. Ni yau ba ruwana da gardama, ku karanta kawai.

*

Ruƙayyatu ta danna maɓallin, ta jingina da kujera tana murmushin wadda ta gama aiki.

Makonni ta kwashe a kan abin nan. Kamfanin Oga Abdulganiyu da ke saman wani kanti a bakin titin jirgin Agege babban inji ɗaya gare shi, saba. An yanyanka shi kashi-kashi, kowane kwastoma da tasa kwamfutar a ciki, su a ofis ɗaki suke ce mata. Manhajar da ke kula da ɗakunan tana nuna rabon kowa, amma ban da kash, 'yar ma'ajiyar nan mai sauri da ke cikin furosesa. Ita duk ɗakunan tarayya suke a kanta, kamar famfo ɗaya a gidan haya. In wani ya jera bokitansa ya hana kowa ɗiba, babu mai gani.

Ma'aunin da zai tona mai bokitan shi Ruƙayya ta rubuta ta ƙara a manhajar.

Ba don nishaɗi ta yi ba. Alhaji Sadisu mai motocin kai nama daga mayankar Oko-Oba ne babban kwastomansu, kuma kullum da hantsi sai manhajarsa ta ƙame, direbobi su rasa inda za su kai kaya. Ranar da nama ya lalace a mota guda, Oga ya dakatar da Yahuza, mai kula da injin. Yau da la'asar Alhaji zai zo da kansa, a yanke ko Yahuza ya dawo ko ya kama gabansa.

Ita kuwa Ruƙayya bakinta bai yi shiru ba a taron da Oga ya kira ranar. A gaban kowa ta ce, "Abu biyu ne, Oga. Ko dai akwai ɗakin da ke cinye kash, ko kuma wanda ya saita injin bai iya ba. Wanda bai iya ba kuwa, ya ce bai iya ba."

Har dariya aka yi. Yahuza bai ɗago kai ba.

Allon ya buɗe.

Layuka kore, siri-siri, kowane ɗaki da nasa. Na Alhaji Sadisu can ƙasa, ya maƙale kamar an taka shi. Sai guda ɗaya ja, ya miƙe sama ya kusa cika allon.

"Na kama ka," ta ce ƙasa-ƙasa, ta matso da fuska don ta karanta sunan.

Gwaji.

Murmushin ya tsaya mata a fuska.

Ta sake karantawa. Gwaji dai.

Ta san sunan, don ita ta raɗa shi. Bayan babbar sallah ne yayanta Jabir mai ɗaukar bidiyon biki ya same ta a tsakar gida yana sosa ƙeya, wai laftof ɗinsa ta gaza, ta sam masa ɗan lungu a injinsu ya ajiye kayansa kafin ya sayi wata. Ta buɗe masa ƙaramin ɗaki ba tare da ta gaya wa Oga ba, ta sa masa sunan da ba zai ja ido ba, ta manta da shi gaba ɗaya.



Ta rufe laftof, ta ja mayafi, ta sauka.

*

Shagon Jabir yana ƙetaren titin jirgi, tsakanin mai sayar da agogo da mai ɗinkin hula. Tun daga waje take jin kiɗan biki yana tashi. Ta ɗaga labule ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Yaya Jabir, me kake yi da ɗakin nan da na ba ka?"

Ya cire abin kunne ɗaya. "Ah ah, injiniya! Ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana. Me kake yi da shi?"

"Aiki mana. Abin nan akwai ƙarfi, wallahi. In na jefa masa bidiyo da safe, kafin azahar ya juya shi tsaf."

"Ajiya ka ce za ka yi."

"To ajiya da juyawa ba duk ɗaya ba ne?"

Ta dafe kai. "Kai kaɗai ne kake shiga?"

Ya ɗan kauda ido zuwa fanka.

"Yaya Jabir."

"Nassirou ne kawai. Yaron Nijar ɗin nan mai bidiyon 'yan kokawa. Bai daɗe da zuwa Legas ba, ba shi da komai, na ce ya riƙa raɓawa."

"Ka ba shi fasuwod?"

"To ta taga zai shiga?"

"Sai wa?"

"Shi ma ina jin ya ba wani ɗan garinsu." Ya ɗaga hannu. "Abeg, kar ki kalle ni haka. Ke a gidanmu kika tashi ko a wani wuri? Yaushe Baba ya taɓa tambayar baƙo kwana nawa zai yi? Baƙo ya zo da baƙonsa, a ƙara tabarma, shi ke nan. Ni ban ga abin tashin hankali ba."

Gaskiya ne haka gidan babansu Malam Ya'u yake. Duk Agege an san shi, wanda ya sauko daga mota bai san kowa ba, can ake nuna masa. Ruƙayya ta tashi tana tsallake takalman mutanen da ba ta san sunansu ba. Ita ma da Jabir ya roƙe ta, ko a ranta ba ta kawo cewa ana iya cewa a'a ba.

"Injin ba gidan Baba ba ne," ta ce. "Na Oga ne. Bidiyonka ne yake shaƙe manhajar Alhaji Sadisu. Saboda kai aka dakatar da Yahuza."

Ta zaci zai razana. Sai ya ja tsaki.

"Wai har ya kai miki ƙara?"

"Wa?"

"Yahuzan mana. Na ce masa ya bar maganar nan tsakaninmu."

Ta zauna a kan benci.

"Ya san da ɗakin?"

"Tun yaushe! Nan ya zo ya tsaya inda kike, yana ta wani sunkuyar da kai, wai yana zargin ɗakina ne, wai don Allah in rage aiki da hantsi. Na ce masa ƙanwata ce ta ba ni, in yana da magana ya je ya same ta."

"Sai ya ce me?"

"Me zai ce? Na tuna masa ɗakin da yake kwana na waye, tuwon da yake ci daga tukunyar wa yake fitowa. Ya ce in yi haƙuri, ya fita."

"Ka gaya masa haka?"

"Ƙarya na yi?"

Ruƙayya ta rufe fuska da mayafi. Tun da Yahuza ya zo bautar ƙasa daga Gumel yake zaune a ɗakin ƙofar gidansu. Bayan an dakatar da shi, kullum da safe sai ta wuce shi yana share ƙofar gida, ya ce mata a dawo lafiya, ita ko ta amsa a daƙile don tana ganin ya zubar musu da mutunci a ofis. Ashe duk safiyar nan ya san ita ce.

Kunya ta kama ta.

Jabir ya sassauta murya. "Ke, no vex. Abin mai sauƙi ne. Ki je ki kashe ɗakin yanzu, wa ya gani? Injin ya warware, Alhaji ya yi murna, a mayar da yaro aikinsa. Kowa ya huta."

Ta miƙe ta nufi ƙofa.

"Amma ki bari bidiyon bikin Hajiya Kalsum ya gama juyawa, saura kaɗan!" ya ɗaga murya a bayanta.

*

A matattakalar ofis ta sami Yahuza bayan azahar. Yana zaune a matakin ƙasa cikin farar shaddarsa ta Juma'a, an goge ta ƙal, yana jiran a kira shi. Da ya gan ta ya miƙe ya matsa gefe.

"Sannu da dawowa, Malama Ruƙayya."

Ta tsaya. Ta kasa kallonsa, sai takalminsa.

"Daga wajen Yaya Jabir nake."

Ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ban tabbatar ba ne. Zargi ne kawai. Babu ma'aunin da zai nuna, sai yanzu da kika yi."

"Amma ka ga sunana a kan ɗakin."

"Na gani."

"Oga ya tambaye ka a gaban kowa ko akwai abin da ka sani. Ka ce babu."

Ya shafa hularsa. "In ce masa me? 'Yar maigidana ta saka baƙo a injinka ba da saninka ba? Da wane ido zan koma in gaishe da Baba?"

"Ni kuma na tashi na ce ba ka iya aiki ba."

"Ba ki sani ba ai."

"Ka daina kare ni, don Allah!" Hawaye ya zubo mata. "Ka zage ni ma ya fi min sauƙi."

Ya duba sama ya duba ƙasa ko wani na zuwa.

"Malama Ruƙayya, ranar da na sauka a Iddo, wayata aka fizge kafin in fita daga tasha. Ko sunan unguwa ban riƙe ba. Wani mai shayi ne ya ce in nemi gidan Malam Ya'u. Baba bai tambaye ni ɗan waye ba, cewa ya yi a ba ni ruwa in yi wanka." Ya ɗago ya kalle ta. "Ki hau ki kashe ɗakin kawai. Ki bar sauran."

"In na kashe za a mayar da kai?"

"Allah na nan."

Ita a lokacin ba ta lura cewa ba amsa ya ba ta ba. Abin da take son ji shi ta ji. Ta haye sama da sauri, ta buɗe laftof, ta kashe Gwaji, ta ɓoye shi daga jerin ɗakuna. Jan layin ya faɗi ya ɓace. Na Alhaji ya miƙe ya yi numfashi.

Ta sauke ajiyar zuciya, amma hankalinta bai kwanta ba.

*

Alhaji Sadisu ya iso da la'asar sakaliya, babbar riga a kafaɗa, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Oga Abdulganiyu ya ja masa kujera da kansa. Yahuza ya rakuɓe kusa da ƙofa.

"Oya, Ruƙayya," in ji Oga. "Haɗa da babban allo. Nuna wa Alhaji abin da kika ƙera."

Ta haɗa. Allon ya kama.

Kore ko'ina. Layuka a jere lafiya lau, babu wanda ya ɗaga kai sama da ɗan uwansa.

"Ni fa ban iya karatun zane ba," in ji Alhaji. "Ku gaya min da Hausa."

"Wannan ma'aunin kash ne, Alhaji," ta ce. "Yana nuna abin da kowane ɗaki yake ci. Ga naka nan. Yanzu yana samun rabonsa."

"Wa ya hana shi a da?"



Oga ya matso ya sa tabarau, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da biro.

"Babu kowa," ya ce. "Babu ɗakin da ke cin na wani."

"To alhamdu lillahi," ta yi saurin cewa. "Tunda ya warware, ai sai Yahuza ya..."

"Tsaya." Oga ya cire tabarau. "Ke da bakinki kika ce abu biyu ne. Ko akwai mai cinye kash, ko mai saiti bai iya ba. Ma'auninki ya ce babu mai ci. Me ya rage?"



"Oga, ba haka nake nufi..."

"Haka kika faɗa, kuma gaskiyarki ce." Ya juya. "Yahuza."

"Na'am, Oga."

"Ka ji da kunnenka."

"Na ji."

"Akwai abin da za ka ce?"

Ruƙayya ta ɗago ta kalle shi. Fuskarsa ba mamaki ko kaɗan. Nan ta gane tun a matattakala ya san inda abin zai ƙare, ya kuma ce ta kashe.

"Babu, Oga. Allah ya huci zuciyar Alhaji."

Alhaji ya gyara riga. "Ni ba mugu ba ne, yaro. Amma nama mota guda ba wasa ba ne, kuma masu otal ɗin da suka jira ni ranar har yau ba su dawo ba. In kana kan injin nan, ni zan kwashe kayana."

"Ba sai an kai nan ba, Alhaji," in ji Oga. Ya miƙa hannu. "Makullin ɗakin saba."

Yahuza ya laluba aljihu. Ya ciro makullin, ya tako a hankali ya ajiye a kan tebur, dab da laftof ɗinta. Da zai juya ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Aikin ya yi kyau, Malama."

Da mari ya yi mata da ya fi.

Ta kalli makullin. Ta kalli bayansa yana nufar ƙofa, wuyan shaddar ya jiƙe da gumi. Ma'aunin nan ita ta rubuta shi, ta san tun da ta kunna shi da safe yake adana duk abin da ya gani. Maɓalli ɗaya ne a kusurwar allo, babu wanda ya san da shi a ɗakin sai ita.

Ya kama hannun ƙofa.

"Oga."

Ruƙayya ce ta kira, sai da ta maimaita.

"Oga, wannan na yanzu ne. Akwai na safe."

Yahuza ya juyo da sauri. "Malama Ruƙayya, bari..."

Ta danna.

Jan layin ya tashi a babban allo, ya haye sama ya danne komai. Na Alhaji ya koma ƙasa ya maƙale.

Oga ya mayar da tabarau a hankali.

"Wannan fa?"

"Shi ne yake cinye kash."

"Ina ya shiga yanzu?"

"An kashe shi."

"Wa ya kashe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Gwaji," Oga ya karanta. "Ba mu da kwastoma mai wannan suna. Wa ya buɗe shi?"

"Ni ne, Oga," in ji Yahuza daga bakin ƙofa. "Ni na..."

"Rufe min baki!" Oga ya fizgi linzamin kwamfutar daga hannunta ya danna kan ɗakin da kansa. Bayanan suka fito manya-manya, yadda ko daga waje za a iya karantawa.



Alhaji Sadisu, da ya ce bai iya karatun zane ba, suna kam ya iya. Ya matso da kujera, ya ƙanƙance ido, ya karanta da ƙarfi.

"Ruƙayyatu Ya'u." Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Wane Ya'un? Ba dai Malam Ya'u mai saukar baƙi ba?"

"Shi ne, Alhaji," ta ce, da ƙyar aka ji.

"Yaron nan ba a gidanku yake ba?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina kallo ya ajiye makulli?"

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Hawaye na ɗiga a kan maɓallan laftof, ta kasa ko sharewa.

"Oga, ka yi min rai, ni na ba yayana..."

Oga ya ɗaga mata hannu, ko kallonta bai yi ba.

Alhaji ya ciro waya daga aljihun gaba. Ya lalubo lamba da babban yatsa, ya danna, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ya ajiye a kan tebur.

"Alhaji, don girman Allah," in ji Yahuza. "Kar a sa Baba a ciki."

Wayar ta fara ƙara.

Ta sake ƙara.

Aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Alhaji Sadisu!" Muryar Malam Ya'u ce, cike da fara'a, ana jin hayaniyar ƙofar gida a bayansa. "Yanzu nake zancenka. Kuna tare da yaron nawa? Don Allah a duba lamarinsa da adalci, Yahuza ba ya ha'inci. Ai na ce wa Ruƙayya da safe ta tsaya masa tsayuwar 'yar uwa. Tana kusa? Ba ni ita in ji."

Alhaji ya tura wayar gabanta da yatsa ɗaya.

"Ga ta nan, Malam. Yi magana, 'yata."